Shekarar Da Atina Ta Ci Yaƙi Ta Kashe Jarumanta

In aka tambaye ni shekarar da ta fi ɗaure mini kai a tarihin Girkawa, sai in ce ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A lokacin an shekara 25 ana gwabzawa tsakanin birnin Atina da na Siparta. Sipartawa na samun kuɗi daga Farisa, Atina kuwa ta tsiyace, har sai da ta narkar da gumakan zinariya ta buga kuɗi.

A cikin wannan hali ne sarkin yaƙin ruwa na Siparta, Kalikiratidas, ya ritsa jiragen Atina a tashar Mitilini. Da labari ya iso gida, cikin kwana 30 aka haɗa jirage 110, aka cika su da kowane mai ƙarfi a jika, har da bayi. Da gudunmawar abokai suka haura 150. Aka yi karo kusa da tsibiran Arginusa. Atina ta yi hasarar jirage 25, abokan gabanta wajen 70, Kalikiratidas kansa ya faɗa teku.

To, daga nan ne gizo ya yi saƙa. Shugabannin yaƙin Atina su takwas sun ba Teramenis da Tirasibulus jirage 47 su tsamo mutanen da jiragensu suka farfashe, amma guguwa ta taso ta hana. Masu rai suka nutse, gawawwaki kuma ba a binne ba, alhali a wurin Girkawa barin gawa ba jana'iza babban abin ƙyama ne.

Mai karatu ya tuna, a Atina taron jama'ar gari ne ke yanke shawara. Aka kira shugabannin gida. Biyu suka hango abin da ke tafe, suka ƙi dawowa. Teramenis, da ya ga laifi na neman faɗowa kansa, ya tura shi kansu. Ana cikin haka bikin Afaturiya ya zo, watau lokacin taruwar dangi, mutane suka yi ta shigowa taro da baƙaƙen tufafi da kai a aske. Sai wani Kalisenus ya kawo shawara a yanke musu hukunci gaba ɗaya da ƙuri'a guda. Yuriftolemus ya ce wannan ya saɓa doka, kowa a ji ta bakinsa shi kaɗai. Jama'a suka yi masa ca, wai wa zai hana su yin abin da suka ga dama? Cikin masu jagorancin zaman, Sokiratis kaɗai ya tsaya kai da fata ya ƙi yarda. Aka kashe shidan da suka dawo, har da ɗan Ferikilis, shahararren shugaban nan.

A ganina baƙin cikin masu makoki gaskiya ne, tuhumar ma ba banza ba ce, don mai yiwuwa an yi jinkiri kafin guguwar. Ɓarnar tana ga hana wa kowannensu shari'arsa.

Ba a daɗe ba Atinawa suka yi nadama, suka tuhumi waɗanda suka zuga su. A 405 Lisanda na Siparta ya kame kusan dukan jiragensu a Egosfotami, a 404 birnin ya miƙa wuya. Kalisenus ya tsere, daga baya ya dawo, amma kowa ya ƙaurace masa, har yunwa ta kashe shi.