Ɗorawar Da Muke Ci, Wa Ya Shuka Ta?

Yau hirar ta ɗorawa ce.

In ka bi hanya daga Hunƙuyi zuwa Makarfi ko Ikara, za ka ga manyan ɗorawoyi tsaye a tsakiyar gonaki. Yawancinsu ba shuka su aka yi ba. Da kansu suka fito, kakanninmu kuma in suna sharar gona sai su sare komai su bar su. A ƙasar Zazzau a da, ɗorawar da ke gonarka ma ba lallai taka ba ce, a garuruwa da dama dagaci ke da iko da ita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka darajarta.

Kuma ta cancanta. Da rani ta yi tutu ja, da bazara 'ya'ya su nuna, daidai lokacin da rumbu ya fara ƙasa. Yara su sha garin, ko a dama shi da ruwa. Ɓawon a jiƙa, a samu makuba ta daɓe da shafen katanga. Kalwa kuwa aikin mata ce: a dafa ta daɗe a wuta, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa, a kirɓa, a shanya. Ga daddawa, tun kafin a san Maggi.

Abin da ke ba ni dariya, a littattafan kimiyya sunanta Parkia. Wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya raɗa mata shi a 1826 don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya mutu a Bussa a 1806. Mu da cin miya, shi da suna.

To, matsalar ita ce tsarin nan na "a bar ta ta fito" ya daina aiki. Gona ba ta hutawa yanzu, garma da awaki ba sa barin tsiro, masu gawayi kuma suna bin manyan. Ka duba da kyau, ƙananan ɗorawa nawa ka gani a gonarku?

Shukar ba wuya. A jiƙa kalwa a ruwan zafi ta kwana, saboda fatarta na da tauri, a raine ta a leda, a dasa da faɗuwar damina, a kewaye da ƙaya. Sai dai fa za a jira kusan shekara goma kafin ta yi 'ya'yan kirki.