Hanyar Mambila: Sawun Shanu Kafin Sawun Mota

Matafiyin da ya tashi daga Bauchi ya bi ta Gombe da Numan da Jalingo, ya wuce Bali da Serti, ba ya sanin tafiya ta soma sai ya isa Mayo Selbe. Daga nan hanya take naɗe dutse kamar rawani, rami a gefe, hazo a gaba, har ta ɗora shi bisa tsaunin Mambila, mai tsayin kimanin mita 1,600. Can sama tuddai ne masu ciyawa iya ganin ido, ga sanyi, ga shanu birjik.

Wannan ƙasa ta daɗe tana sauya iyayen gida. Jamusawa sun riƙe ta cikin Kamaru, Ingilishi suka karɓe ta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta shigo da ita Nijeriya cikin Lardin Sardauna. Daga 1967 zuwa 1976 jiharmu ɗaya da ita, wato Arewa maso Gabas, kafin ta koma Gongola, sannan Taraba a 1991.

Sai dai shanu sun riga mota hawa. Da yake sanyin tsaunin ba ya barin ƙudan tsando, mai kawo sammore, Fulani suka yi ta kwararowa da garkunansu, musamman daga shekarun 1940, suka tarar da Mambilawa suna noma a kwaruruka. Da mota ta samu hanya zuwa Nguroje da Gembu, sai ƙasa ta yi daraja a idon masu hali na birane. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta yarje wa ƙaramar hukuma ta bai wa mutum har hekta 5,000 don kiwo, alhali na noma 500 ne. Aka ja waya aka killace tuddai. Manomi ya rasa sabuwar gona, ƙaramin makiyayi ya rasa burtali. A ganina, wanda zai karanta rikicin 2002 da na 2017 bai duba wayar nan ba, rabin labari ya ji.

Kwaltar kuwa babbar hanya kaɗai ta bi. In damina ta sauka, hanyoyin ƙauyuka jan taɓo suke zama, ba mai shiga sai babur da tsofaffin motocin Land Rover.