Daga Hannun Magina Zuwa Zauren Lacca: Tarihin Koyar da Gini a Zariya da Makomar Kalmomin Sana'ar

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ilimin gini a ƙasar Hausa ya tashi daga hannun magina ya koma ajin jami'a da dandalin baje koli, da kuma halin da wannan ƙaura ta jefa kalmomin sana'ar a ciki. An zaɓi Zariya ne domin a nan hanyoyin koyarwa biyu suka haɗu.

2.0 Makarantar Magina

Kafin zuwan boko, gini sana'ar gado ce wadda Sarkin Magina ke shugabanta. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, sannan ya koyi jera azara, sai daga bisani a yarda ya taɓa baka. Darasin duk da baki ake bayar da shi a bakin aiki, don haka kowane mataki yana da sunansa: akwai bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa a rufi, akwai zanko da indararo a saman soro, akwai makuba da ake samu daga ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina domin kare bango daga ruwa. Ƙololuwar wannan makaranta ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834-1846).

3.0 Shigowar Aji da Lacca

A 1952 aka fara koyar da zanen gine-gine a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, a 1955 kuma aka mayar da sashen Zariya, inda ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. An tsara manhajar bisa tsarin Birtaniya, harshen koyarwa kuwa Ingilishi ne. Ta haka ɗalibi ya koma koyon gini a kan takarda, yana kafe zanensa a bango malamai su yi masa sharhi, alhali aikin Babban Gwani yana tsaye a cikin birni, tafiyar 'yan mintoci daga Samaru.

Tun da wuri aka samu masu ƙorafi. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane-zane, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiyar da ta nemi a gwama fasahar gida da ta Turai. Nwoko ya karkata ga gini daga baya, har aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a baje kolin gine-gine na birnin Banis a 2023.

4.0 Adanawa da Baje Koli

Mataki na gaba shi ne na aunawa da adanawa. Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, kuma shi ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka kwaikwayi Masallacin Zariya da wani ɓangare na ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990. Haka nan Hamman Tukur Sa'ad ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Mishigan a 1981 a kan ƙayatarwa a ginin Hausa. Waɗannan ayyuka sun ceci kalmomi masu yawa, amma an rubuta su ne da Ingilishi, kalmar Hausa tana zaune a cikinsu kamar baƙuwa.

Bayan mayar da babban birni Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, manyan tarukan masana gini da baje kolin kayan aiki, irin su Archibuilt, sun tattaru a can. Wanda ya tsaya a wurin da ake gini a Apo zai ji ma'aikata da dama suna magana da Hausa, sai dai kalmominsu su ne bulo da siminti da rodi da kwano da birkila. Aron kalma ba aibi ba ne, domin alama ce ta rayuwar harshe. Abin damuwa shi ne kalmar da aikinta ya mutu, ita ma takan bi shi.

5.0 Darasi Daga Nijar

A jihar Tawa, Falke Barmu ya fara ginin Masallacin Yama da ƙasa a 1962, aikin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuwa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa tare da maginan yankin, aka kammala a 2018. Wannan ya nuna cewa mai digiri da magini suna iya aiki a fili ɗaya, kowa yana koyo daga ɗan'uwansa.

6.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna cewa jami'a ta adana siffar ginin Hausa a zane da hoto, amma ba ta ba harshen da aka gina shi da shi gurbi a aji ba. Wannan giɓi na masana harshe ne su cike. Ya kamata sassan Harsunan Nijeriya su haɗa hannu da sassan zanen gine-gine wajen shirya bita inda tsofaffin magina za su yi bayani da bakinsu, a naɗi muryarsu, a tattara kalmomin cikin ƙamus na musamman. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, tun masu wannan sani suna raye.