Mulkin Mallakar Bayanai

Mulkin mallakar bayanai shi ne yadda manyan kamfanonin fasaha ke kwashe bayanan rayuwar mutane ta intanet, su sarrafa su, su ci ribarsu, alhali masu bayanan ba su da iko a kansu. Malamai biyu, Nick Couldry da Ulises Mejias, su ne suka yayata wannan fahimta a littafinsu The Costs of Connection na 2019. A ganinsu, yadda Turawan mulkin mallaka suka wawushe ƙasa da ma'adinai, haka ake wawushe bayanai a yau.

Rashin daidaito

Rahoton hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa rabin manyan rumbunan adana bayanai na duniya suna Amurka da Sin. Ƙasashe masu tasowa kuwa bayanai da ƙwadago mai araha suke samarwa. A 2023 mujallar Time ta bayyana cewa ma'aikatan Kenya da suka tantance bayanai domin ChatGPT ba sa samun dala 2 a awa.

Martani

A 2016 Indiya ta haramta tsarin Free Basics na Facebook, wanda ke buɗe wa mutane wasu zaɓaɓɓun shafuka kawai. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai, GDPR, a 2018, Tarayyar Afirka ta amince da manufarta kan bayanai a 2022, Najeriya kuma ta kafa dokar kare bayanai a 2023.