Yara 22 da tankin ruwa: daga ina gaba take tasowa tsakanin yara?

Idan faɗa ya ɓarke a filin makaranta, tambayar da mu malamai muke fara yi ita ce, wa ya fara? Iyaye ma haka suke yi a gida. Da an gano yaron sai a ce ai halinsa ne, a hore shi, a ɗauka magana ta ƙare. Akwai wani fannin ilimi da ya shekara kusan 100 yana yin wata tambaya ta daban: a wane irin zama aka sa yaron har ya yi abin da ya yi? Shi ne ilimin halayyar mutum a cikin jama'a. Ina so in ba da tarihin gwaje-gwaje uku daga cikinsa, duka a Amurka aka yi su, kuma duka da yara ƴan makaranta.

Na farko na Kurt Lewin ne, Bayahude masani da ya bar Jamus a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki. Ya ga yadda mutanen da suke zaune lafiya da maƙwabtansu suka juya suka zama masu farautarsu, kuma mahaifiyarsa tana cikin waɗanda kisan kiyashin ya rutsa da su. Ƙa'idar da ya kafa ita ce, abin da mutum ke aikatawa yana fitowa ne daga abu biyu a haɗe, wato shi mutumin da kuma yanayin da yake ciki. Mu ma Hausawa mun ce zama da maɗaukin kanwa shi kan kawo farin kai. Abin da Lewin ya ƙara shi ne gwada maganar a aikace.

A jihar Ayowa, shi da abokan aikinsa Lippitt da White suka tara yara maza masu shekara 10 a ƙananan ƙungiyoyi na aikin hannu, suka buga sakamakon a 1939. Kowace ƙungiya an ba ta babba mai jagora. Wani jagoran umarni kawai yake bayarwa, wani yana shawara da yaran, wani kuma ya sake su su yi abin da suka ga dama. A hannun mai umarni an yi aiki, amma da ya fita ɗaki sai aikin ya ja baya. Wasu yaran suka yi laƙwas, wasu suka riƙa taruwa a kan ɗaya daga cikinsu suna huce haushi. A hannun mai shawara, aiki ya ci gaba ko ba ya nan. Waɗanda aka sake kuwa wasa ya fi yawa. Da aka musanya jagororin, sai halin yaran ya bi sabon jagora, alhali yaran nan dai su ne ba a canza su ba.

Na biyu ya fi shahara. Muzafer Sherif, haifaffen Turkiyya, tare da matarsa Carolyn da wasu abokan aiki, sun kai yara maza 22 masu shekara kimanin 11 wani sansanin hutu a dajin Robbers Cave da ke Oklahoma a 1954. An zaɓo yaran da kyau: duka farar fata ne, addininsu ɗaya, gidajensu masu rufin asiri, ba wanda aka sani da fitina, kuma ba su san juna ba. Aka raba su gida biyu, kowane rukuni bai san da ɗayan ba har kusan mako guda. Kowane ya yi shugabanninsa da tutarsa da sunansa. Ɗaya ya ɗauki sunan gaggafa, ɗayan ya ɗauki sunan wani maciji mai dafi na ƙasarsu.

Daga nan aka haɗa su gasa, da wasan ƙwallo da jan igiya da sauransu, aka ce kyautar ta rukunin da ya yi nasara ce kaɗai, har da ƴan wuƙaƙe masu naɗewa. Cikin kwanaki kaɗan zagi ya fara. Ƴan gaggafa suka ƙona tutar ƴan maciji, su kuma suka kai musu hari ɗakin kwana da dare suka watsa kaya. Kowane ɓangare yana ganin nasa jarumai ne, na can kuwa matsorata ne maƙetata. Babu ƙabila ko addini ko tsohuwar gaba da ta raba yaran nan. Rabawa gida biyu da kyauta guda ɗaya sun isa.

Yadda aka kashe wutar shi ne darasin da ya fi. Da farko an gwada zaunar da su wuri guda, su ci abinci tare. Sai aka ƙare da jifan juna da abinci. Sannan masu binciken suka toshe hanyar ruwan da ke zuwa daga tanki a ɓoye, kowa ya ji ƙishirwa, dole duka suka fita neman inda matsalar take. Wata rana kuma babbar motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi, suka kama igiyar nan da suka yi gasa da ita suka ja motar tare. Ba a rana ɗaya aka shirya ba, sai da irin wannan ya maimaitu. Ranar komawa gida yaran da kansu suka nemi a sa su a mota guda, rukunin da ya ci kyautar dala 5 ya saya wa kowa abin sha da ita.

Wannan tarihin yana da tabo, kuma ya kamata iyaye su san shi. Ba a faɗa wa yaran cewa gwaji ake yi da su ba, manya kuma sun rura wutar da gangan. A 1953 Sherif ya yi irin wannan yunƙuri a jihar New York bai yi nasara ba, domin yaran sun riga sun yi abota, suka zargi manyan da haɗa su faɗa, suka ƙi. Yau da wuya wata jami'a ta yarda a yi wa yara haka. Amma gwajin da ya rushe shi ma shaida ne: inda aka riga aka san juna, mai zuga yana shan wuya.

Na uku shi ne ya shigo da maganar cikin aji. A 1954 kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata. Da aka zo haɗa yara farar fata da baƙar fata da ƴan asalin Meziko a makarantun birnin Ostin na jihar Teksas a 1971, sai faɗa ya yawaita. Elliot Aronson da ɗalibansa suka shiga azuzuwan suka lura cewa tsarin karatun kansa gasa ne: malami ya yi tambaya, hannuwa su tashi, wanda ya kasa a yi masa dariya. Sai suka raba aji rukuni-rukuni na yara 5 ko 6 a cakuɗe, suka yanka darasi gunduwa-gunduwa, kowane yaro aka ba shi tasa ya koya wa sauran, jarrabawa kuma a kan darasin gaba ɗaya. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa ba'a, kansa ya cuta, domin abin da yake buƙata yana bakin wancan. Bayan ƴan makonni ƙyamar juna ta ragu, yaran da aka saba rainawa kuma makinsu ya ɗaga.

Azuzuwanmu ba na Amurka ba ne, amma mun san jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe da ake karantawa bayan kowace jarrabawa, mun san ƴan benci na gaba da na baya, ƴan wannan unguwa da ƴan waccan. A gida ma akwai ƴan wannan ɗaki da ƴan wancan, da uban da ke yabon ɗaya don ya kunyata ɗaya. Ban ce a daina gasa ko horo ba. Amma duk inda muka raba yara biyu muka ajiye kyauta guda, mu san irin da muka shuka. Nasihar baki kuma ba ta tumɓuke shi. A ba su aikin da hannu ɗaya ba zai ɗauka ba, kamar ban ruwan itatuwan makaranta ko darasin da kowa ke riƙe da gunduwarsa, a kuma maimaita har ya zama sabo.