Bala Usman: Malamin Tarihin da Bai Gudun Muhawara

Ranar 24 ga Satumba, 2005, Allah ya yi wa Dakta Yusufu Bala Usman rasuwa a Zariya yana da shekara 60. An haife shi a Musawa a 1945, ɗan Durɓin Katsina ne, jikan Sarki Muhammadu Dikko. Da ya so, da inuwar sarauta ta ishe shi. Sai ya zaɓi allo da alli: ya yi karatu a Jami'ar Lancaster ta Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya koma sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, wajen Farfesa Abdullahi Smith.

A binciken digirinsa na uku kan tarihin Katsina, wanda ya kammala a 1974, ya yi watsi da labarin da Turawa suka yaɗa cewa jihadin 1804 faɗa ne kawai tsakanin Fulani da Haɓe. A ganinsa, sai an duba gona da kasuwa da haraji da ƙaurar jama'a kafin a gane abin da ya faru. Mutumin Haɗeja ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A bakin kogi ɗaya Auyakawa da Mangawa da Gizimawa da Badawa da Fulani suka yi su, suka yi kiwo, suka yi noman fadama, suka yi auratayya, har ya zama da wuya a ce ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Da gwamnatin Murtala ta sa shi cikin kwamitin tsara kundin mulki, shi da Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu a 1976. Gwamnatin soja ta jingine rahoton nasu. Daga baya ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin jam'iyyar PRP, lokacin da majalisa ta tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981.

Littafinsa da ya fi tayar da ƙura shi ne The Manipulation of Religion in Nigeria, wanda ya fito a 1987. Ya bi sawun cacar bakin da aka yi kan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a 1977 zuwa 1978, da tarzomar Maitatsine a Kano a 1980, da rikicin Kafanchan na 1987. Tambayarsa a kullum ɗaya ce: wa ya ci riba? Talaka Musulmi da talaka Kirista ne ake binnewa, manyan da suka hura wutar kuwa suna zaune a teburi ɗaya suna raba kwangila.

A nan ya sha bamban da marubuta irin su Christopher Hitchens, ɗan Ingilan da ya mutu a 2011, wanda ya musanta samuwar Ubangiji, ya ɗora wa addini kansa laifin rikicin duniya. Bala bai yi faɗa da imanin kowa ba. Da masu cin abinci da addini ya yi, shi ya sa maganarsa ta fi yi musu ciwo, don ba su da damar cewa da Allah yake jayayya.

Gaskiya ɗaci gare ta. A 1989, zamanin Babangida, aka kore shi daga jami'a, kotu ta mayar da shi. A 2001 ma ya yi doguwar muhawara da Peter Ekeh da wasu malaman Neja Delta kan wa ke da man fetur, kuma har cikin masoyansa akwai waɗanda suka ga ya zafafa.

Cibiyar CEDDERT da ya kafa a Zariya ta ci gaba da buga ayyukansa. Waɗanda suka yi ja-in-ja da shi sun koyi abu ɗaya: ba a zuwa gabansa da "an ce", sai da shekara da suna da takarda.