Gadon Uwa, Gadon Uba: Tarihin Nauyin Maraƙi a Ranar Haihuwa

A Dingyaɗi da sauran garuruwan Boɗinga da Shagari, saniyar gida ita ce Gudali, wadda ake kira Bokolo. Makiyaya sun san ta da haƙurin rani da sauƙin haihuwa, domin maraƙinta kan faɗo da nauyin kilo 20 zuwa 25. Yau da ake kwaɗaitar da masu kiwo su yi wa shanunsu baye da irin bijiman ƙasashen waje don samun nama, ya kamata mu waiwayi tarihi.

Neman inganta shanun Arewa ba sabon abu ba ne. A 1928 Turawan mulkin mallaka suka buɗe gonar kiwo a Shika, kusa da Zariya, wadda ta zama cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1976. An fara da zaɓen nagartattu cikin shanun gida, daga baya aka koma haɗa Bunaji da Friesian don madara. Maraƙin Friesian kuwa yakan kai kilo 40 ranar haihuwa.

To, wa ɗan ruwa biyu yake gado? A 1938 Walton da Hammond na Jami'ar Kambirij suka haɗa manyan dawakin Shire da ƙananan dawakin Shetland. Suka tarar cewa ƙaramar goɗiya ƙaramin ɗa take haifa, ko da ubansa ƙato ne. Ashe mahaifa ma tana da ta cewa.

Sai dai ikon uwa yana da iyaka. Makiyayan kudancin Amurka sun ga haka da Brahman, saniya mai tozo kamar tamu. Idan bijimin Brahman ya hau saniyar Angus ko Hereford, maraƙi kan yi nauyi, musamman namiji, har naƙuda ta tsananta. Idan aka juya, saniyar Brahman ta ɗauki cikin bijimin Angus, sai maraƙin ya zo da sauƙi. Jinin iri ɗaya ne, sakamakon ya bambanta.

Wannan albishir ne ga mai Gudali, tunda saniyarsa ce mai tozon. Amma karsana mai cikin fari ƙugunta bai gama buɗewa ba, kuma likitan dabbobi ba kullum yake kusa ba. Kafin mutum ya biya kuɗin baye, ya tambayi nauyin da 'ya'yan bijimin suke zuwa da shi. Idan naƙuda ta tsaya, saniya da maraƙi ake rasawa tare.